Windows 11 ya ƙi sauka a kwamfutar tebur: wace hanya ta fi dacewa da kai?

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta. Wannan ya sa masu shagunan buga takardu, ƙananan ofisoshi da makarantu suka fara neman komawa Windows 11, kuma da yawa sun cije a wuri guda. A danna saukewa, lamba ta hau zuwa kashi talatin ko tamanin, sai ta tsaya cik, ko ta koma sifili, ko wani rubutu ya fito ɗauke da lambobi masu farawa da 0x. Data ta ƙone, aiki bai yi ba. Washegari a sake sayen wata, a sake danna maɓalli guda, a sake samun sakamako guda.

Hanyoyin da ke gaban mai wannan matsala huɗu ne. Ko ya gyara Windows Update ya sake gwadawa, ko ya ɗauko ƙaramar manhajar Installation Assistant, ko ya sauke fayil ɗin ISO, wato fayil guda mai ɗauke da Windows 11 gaba ɗaya, ya ɗora daga cikin Windows ɗin da yake kai, ko kuma ya goge komai ya fara daga tushe, abin da masu gyara ke kira fomatin. Duk huɗun Windows 11 ɗaya suke kaiwa, amma ba kuɗi ɗaya suke ci ba, ba haɗari ɗaya gare su ba, kuma ba ciwo ɗaya suke warkarwa ba.

Kafin ka kashe ko sisi a kan data, ka tabbatar kwamfutar ta cancanta. Windows 11 yana neman RAM aƙalla giga 4, wurin ajiya giga 64, tsarin tayar da kwamfuta na UEFI mai iya kariyar Secure Boot, guntun tsaro na TPM 2.0, da farosesa ta Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko mafi yawan Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD. A nan ne yawancin kwamfutocin gwanjo da suka cika kasuwanninmu ke faɗuwa. Dell OptiPlex 7050 da HP EliteDesk 800 G3 injina ne masu ƙarko, amma farosesarsu irin su i5-6500 ko i5-7500 ce, kuma a irin waɗannan, lambar farko bayan ɗan layin ita ke nuna zubi. Shida da bakwai ba su shiga ba. OptiPlex 7060 da EliteDesk 800 G4 masu i5-8500 sun shiga. Manhajar PC Health Check ta Microsoft ƙarama ce, cikin ɗan lokaci za ta faɗa maka abin da ya rage. Idan TPM kaɗai ta yi kuka da shi, kada ka yanke ƙauna, domin sau da yawa a kashe yake a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga tun kafin Windows ya hau, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM.

Abu na biyu, ka rubuta lambar kuskuren a takarda. Mutane na rufe saƙon da sauri saboda takaici, alhali shi ne ke raba gardama. Lambar 0x80070070 na nufin wuri ya ƙare a diski, don haka ko da intanet mafi gudu ne ba zai amfane ka ba sai ka share kaya. 0x80072EE2 na nufin kwamfutar ta jira amsa daga wurin Microsoft har ta gaji, wato laifin layi ne. 0x80070002 da 0x80073712 suna nuna wani fayil ya ɓace ko ya lalace a cikin Windows ɗin kansa. Ita kuwa 0xC1900101 labarinta dabam ne: saukewa ta kammala lafiya, wurin ɗorawa ne wani direban na'ura ya kawo cikas, Windows ya janye ya koma tsohon. 0xC1900208 ma haka take, sai dai ita wata manhaja ce da ba ta jituwa da sabon tsarin, sau da yawa tsohuwar antibairos. Mai ɗayan waɗannan biyun da ya sake sauke giga biyar ya yi asarar kuɗinsa a banza, domin ba can ciwon yake ba.

Akwai wata lamba da ta fi addabar kwamfutar tebur musamman, ita ce 0x80072F8F. Duba agogon da ke ƙasan allo ta hannun dama. Idan ka ga shekarar ta koma baya, ko duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo sai agogon ya rikice, to ga ɓarawon nan. Cire wayar wuta, kwance murfin gefe, ka leƙa babban allon da komai ke manne a kai. Za ka ga wani ɗan batir zagayayye mai sheƙi kamar sulalla, an rubuta CR2032 a bayansa, wani ɗan ƙarfe na riƙe da shi ta gefe. Ka tura ƙarfen da farce, batirin zai ɗago da kansa. Shi ke riƙe da kwanan wata idan babu wuta, kuma a injin da ya shekara bakwai ko takwas yawanci ya mutu. Kwamfutar da kwanan watanta ba daidai ba ba za ta amince da takardar shaidar tsaro ta shafin Microsoft ba, sai ta ƙi hulɗa da shi. Masu gyaran agogo da masu sayar da batirin makullin mota duk suna da shi, kuɗinsa kuma ba shi da yawa. Na fi jin zafin wannan matsalar fiye da sauran, saboda ana yi wa kwamfuta fomatin a kanta, a rasa kaya, kuma bayan an gama agogon ya ci gaba da rikicewa.

To, hanya ta farko: a gyara Windows Update. Amfaninta a fili yake. Ba ta taɓa kayanka, yawanci abin da take saukewa bai kai girman ISO ba, kuma idan layi ya yanke tana iya ci gaba daga inda ta tsaya. Abin da ya fi hana ta aiki a wurinmu kuwa ba lalacewa ba ce. Idan da hotsifot na waya kake shiga intanet, Windows kan ɗauki layin a matsayin mai awo, abin da ya rubuta Metered connection a cikin saitin Wi-Fi, kuma a kan irin wannan layi ba ya son sauke manyan kaya. Ka kashe wannan saitin na ɗan lokaci, ka kashe VPN idan akwai, ka sake gwadawa.

Idan lambar ta nuna fayil ne ya lalace, sai a buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, a rubuta net stop wuauserv, sannan net stop bits, sannan a sauya wa foldar C:\Windows\SoftwareDistribution suna, a sake kunna kwamfutar. Windows zai ƙirƙiri sabuwa mai tsabta. Amma a kula, a cikin wannan foldar ne abin da aka riga aka sauke yake zaune. Wanda layinsa ne kawai ya yanke a kashi saba'in, ya je ya taɓa ta, to ya zubar da kashi saba'in ɗin da hannunsa. Ana yawan ba da wannan shawarar kamar maganin kowace cuta, kuma ga wanda ke biyan intanet sau ɗaya a wata babu iyaka, ba wata asara ba ce. Ga mai sayen giga-giga kuwa asara ce sosai. Haka umarnin DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda ake bi da sfc /scannow: yana gyara fayilolin Windows da suka lalace, amma shi ma daga intanet yake ɗebo abin gyaran.

Raunin wannan hanya shi ne ba ka ganin abin da ke faruwa a ciki, kuma ba ta bar maka komai a hannu. Idan ɗorawa ta gaza, mai yiwuwa ne a sake saukewa. Idan kwamfutoci huɗu ne a shagon, kowace na neman nata kason, sai dai in suna kan layi ɗaya kuma an kunna rabawa tsakaninsu a saitin Delivery Optimization. Wani lokaci kuma Microsoft da kansa ke riƙe sabuntawar ga wasu injina saboda an gano wata matsala da wani direba, sai ka yi ta dannawa ba abin da zai zo.

Hanya ta biyu ba sai an daɗe a kanta ba. Installation Assistant na buƙatar Windows 10 sigar 2004 ko sama, wanda za ka gani idan ka rubuta winver a wurin bincike, da sararin giga 9 a diski. Tana da sauƙi, dannawa biyu ko uku ne. Amfaninta ɗaya ne na gaske: idan kwamfutar ta cancanta, layinka mai ƙarfi ne, wuta tsayayya ce, amma Windows Update ya ƙi nuna maka tayin. Ban da wannan, ita ce mafi rauni a cikin huɗun. Tana son a yi komai a zama ɗaya, idan wuta ta ɗauke sau da yawa sai an koma farko, kuma ita ma ba ta bar maka fayil da za ka sake amfani da shi. Wanda saukewa ta riga ta gaza masa saboda layi, ya koma wannan, an gudu ne ba a tsira ba.

Hanya ta uku ita nake ba yawancin mutane shawara, kuma dalilin ɗaya ne: tana raba saukewa da ɗorawa. A shafin Microsoft na sauke Windows 11, can ƙasa, akwai wurin ɗaukar fayil ɗin ISO. Girmansa ya haura giga 5, sababbin fitowa sun fi haka, don haka ka tanadi data da rara. Da zarar ya sauka, ya zama naka. Idan ɗorawa ta gaza sau uku, sau uku za ka sake gwadawa ba tare da ka ƙara sayen data ba. Idan kwamfutoci goma ne, fayil ɗaya ya ishe su.

Abin da ya fi wannan muhimmanci ga kwamfutar tebur shi ne ba dole a kanta za a sauke ba. Ita ba ta da batirin da zai riƙe ta kamar laftof, ƙiftawar wuta ɗaya ta isa ta kashe ta. ISO kuwa ana iya sauke shi a laftof, ko ma a waya mai isasshen wuri, a ofishin da ke da Wi-Fi mai kyau ko a gidan ɗan'uwa, sannan a kwafo. Adireshin saukewar da shafin zai ba ka awa 24 yake yi kafin ya mutu. A cikin wannan lokacin, idan layi ya yanke, burauza ko manhajar sarrafa saukewa na iya ci gaba daga inda aka tsaya. Saboda haka kada ka karɓi adireshin da safe idan sai jibi za ka samu data.

Tarkuna uku ne a wannan hanya, kuma duk ana kauce musu idan an sani. Na farko filash. Yawancin filash suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. Za ka ga filash mai giga 32 babu komai a ciki, amma kwamfuta ta ce fayil ɗin ya yi masa girma. Ba lalacewa ya yi ba. Kwashe abin da ke ciki, ka yi masa fomatin zuwa exFAT ko NTFS, ISO zai shiga.

Na biyu lalacewar fayil a hanya, wanda layi mai yankewa kan jawo. A shafin da ka sauke, Microsoft ya jera doguwar lambar tantancewa ta SHA256 ga kowane harshe. Buɗe PowerShell, rubuta Get-FileHash, ka bi shi da wurin da fayil ɗin yake, ka jira kaɗan. Idan lambar da ta fito ta yi daidai da ta shafin, fayil ɗinka lafiya lau yake. Wannan kuma ita ce hanyar gane ko ISO ɗin da wani ya ba ka a filash na asali ne. Akwai waɗanda ake yawo da su da sunan an rage musu nauyi ko an riga an kunna musu lasisi. Ban yarda a ɗora irinsu a kwamfutar da ake shiga banki ko ake ajiye takardun mutane ba, domin ba ka san abin da aka cusa a ciki ba.

Na uku shi ne ya fi kama mutane, kuma ba a cika faɗarsa ba: harshe. Shafin zai tambaye ka harshen ISO, kuma Turanci iri biyu ne a jerin, na Amurka da wanda aka rubuta English International, wato na Ingila. Idan wanda ka ɗauka bai dace da harshen da aka ɗora Windows ɗinka da shi tun asali ba, zaɓin riƙe manhajojinka zai dushe, ba zai dannu ba, sai ka sake sauke wani ISO ɗin. Kafin ka zaɓa, rubuta dism /online /get-intl a Command Prompt na mai gudanarwa, ka duba layin harshen tsarin. In ka ga en-US ɗauki na Amurka, in ka ga en-GB ɗauki ɗayan. Minti ɗaya ne, kuma yana ceton giga biyar.

Ɗorawar kanta ba wuya. Kwafi ISO ɗin zuwa diskin kwamfutar, danna shi sau biyu, zai buɗe kamar an saka faifai, sai ka kunna setup.exe. A shafin farko akwai ɗan rubutu game da yadda za a sauke sabuntawa. Shiga ka zaɓi Not right now, don kada ya koma intanet ya maƙale a can. Daga nan ka tabbatar an zaɓi Keep personal files and apps kafin ka danna Install. Ciro firinta, sikana da duk wani abin USB ban da kibod da linzami, ka cire antibairos da ba ta Microsoft ba, domin su ne kan gaba wurin jawo 0xC1900101. Idan duk da haka ta gaza, ƙaramar manhajar SetupDiag ta Microsoft na karanta bayanan da ɗorawar ta bari, ta nuna direban ko manhajar da ta kawo cikas.

Wuta fa? A nan ne ba a wasa. Yankewar wuta lokacin saukewa asarar data ce kawai, amma lokacin da allo ya koma shuɗi ko baƙi yana ƙirga kashi, kwamfutar na sake kunna kanta, yankewa na iya barin ta ba tsohon ba sabon. Ƙaramin UPS mintoci kaɗan yake riƙewa, aikinsa ya ba ka damar tayar da janareta ne kawai. A injin mai SSD aikin kan ɗauki ƙasa da awa ɗaya ko kusa da haka, a tsohon diski mai juyawa kuwa yana iya cin awanni. Ka fara shi a kan sola ko janareta mai isasshen mai, kuma ka kwafe muhimman fayiloli zuwa wani wuri tukuna, komai yardarka da hanyar.

Akwai ƙanwar wannan hanya, Media Creation Tool, wadda ke sauke Windows ta zuba shi kai tsaye a filash mai aƙalla giga 8, bayan ta goge duk abin da ke cikinsa. Abin da take saukewa a matse yake, bai kai ISO na shafin girma ba, amma sai a kan Windows take aiki kuma tana son zama ɗaya. Filash ɗin da ta haɗa aiki biyu yake yi, kuma bambancinsu babba ne. Idan ka buɗe shi daga cikin Windows ka kunna setup.exe, ɗaukakawa ce, kayanka na nan. Idan ka tayar da kwamfutar daga filash ɗin tun kafin Windows ya hau, ka shiga hanya ta huɗu.

Fomatin shi ne abin da mai gyara kan fara kawowa, saboda shi ya fi sauri a wurinsa kuma kusan kullum yana aiki. Amma kuɗinsa mai kwamfuta ke biya daga baya. Duk manhajoji sun tafi. Mai shagon buga takardu zai nemi CorelDRAW daga farko, da nau'o'in haruffan da ya tara shekara da shekaru, da direban tsohuwar firintar da faifanta ya ɓace tuni. Mai manhajar lissafin kaya zai nemi lambar lasisin da ba ya tuna inda ya rubuta. Sabon ɗori kuma yana neman intanet da asusun Microsoft kafin ya bar ka ka shiga, alhali ɗaukakawa daga ciki na barin asusunka yadda yake. Lasisin Windows ɗin kansa ba abin damuwa ba ne idan na gaske ne, zai dawo da kansa da zarar an hau intanet, muddin ka ɗora irin wanda kake da shi, Home a kan Home, Pro a kan Pro.

Duk da haka akwai inda babu makawa sai shi. Idan Windows 10 ɗinka mai bit 32 ne, ba ya ɗaukaka zuwa Windows 11, wanda bit 64 kaɗai yake da shi. Idan ƙwayar cuta ta ci cikin tsarin, ko DISM ya kasa gyara, ko ISO ya gaza bayan an cire duk abin da ake zargi, to lokacinsa ya yi. Haka idan dama kana shirin sauya tsohon diski da SSD, wanda a ganina shi ne mafi kyawun lokacin yin sa: sa sabon, ɗora Windows 11 a kai, ka bar tsohon a gefe da kayanka cif. In kuwa diski biyu ne a cikin akwatin, zare wayar na biyun kafin ka fara. Shafin zaɓar wurin ɗorawa ba ya nuna C da D yadda ka saba gani, lambobi da girma kawai yake nunawa, kuma a nan ne ake goge hotunan biki da takardun shekaru cikin dannawa ɗaya.

Wanda injinsa bai cancanta ba, manhajar Rufus na iya haɗa filash da ke tsallake binciken TPM da sauransu, kuma a injina irin na zubi na 6 da na 7 yakan yi aiki. Sai dai Microsoft ya faɗa a fili cewa irin wannan kwamfuta ba ta da tabbacin samun sabuntawa. Don gida da koyon yara ba laifi, amma ba zan ɗora sana'a a kai ba. Tsofaffi sosai irin Core 2 Duo kuwa ba sa ma tashi da sigar 24H2. Microsoft ya kuma buɗe shirin ESU na ƙarin gyaran tsaro ga Windows 10 sigar 22H2 har zuwa 13 ga Oktoba 2026, wanda jinkiri ne kawai don a samu a tara kuɗin wani injin.

Idan layinka tsayayye ne, kwamfuta ɗaya ce, kuma lambar kuskuren ta nuna wuri ko agogo ko layi mai awo, gyara wannan ka bar Windows Update ya ƙarasa aikinsa. Idan da data kake saye, ko wuta ba ta da tabbas, ko injinan sun fi ɗaya, ko saukewa ta riga ta gaza sau biyu, daina dannawa ka nemi ISO. Bayan Windows 11 ya hau ta ɗayan hanyoyi ukun farko, za ka ga wata babbar folda mai suna Windows.old ta cinye wuri a diski. Kada ka yi gaggawar share ta, domin ita ce ke ba ka damar komawa Windows 10 cikin kwana 10 ta saitin Recovery. A cikin kwanakin nan ka buga takarda da firinta, ka gwada sikana, ka buɗe kowace manhajar da kake cin abinci da ita, sannan ka mayar da saitin Metered connection a kunne, don sabon Windows zai fara neman nasa sabuntawar tun daren farko.